Darasi na Tara: Zakka da Kwanon Awo

A makon jiya mun koyi yadda ake nemo wuri a Littafi Mai Tsarki. Yau mu gwada da Luka 19:1-10, labarin wani mutum mai suna Zakka. Luka shi ne littafi na uku a Sabon Alkawari, bayan Matiyu da Markus. Lambar farko, 19, ita ce sura, da manyan lambobi ake buga ta. Na bayan ɗigo biyu su ne ayoyi, ƙananan nan da suke a cushe cikin layi. Wanda ya riga samu ya nuna wa na kusa da shi da yatsa, kada ya ƙwace masa littafin. Tun 1932 aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, to mu ma nan Garwa lokaci ya yi da kowa zai buɗe da kansa.

Kalmomin yau uku ne: shari'a, tuba, ceto.

Waɗanda suka ɗan taɓa makarantar Faransanci su kula. Hannunku zai so ya rubuta touba, ko chari'a, ko tchéto. A rubutun Hausa u kaɗai ta isa, sh muke sawa a madadin ch, harafin c kuma shi kaɗai yake ba da sautin da ke farkon ciki da ciniki. Ku kuma lura da ƙugiyar ɓ. Tuba dabam, tuɓe dabam. Mai tuɓewa riga kawai ya cire.

Ga labarin. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, a zamanin da Romawa suke mulkin ƙasar Yahudawa. Masu wannan aiki sukan karɓa wa hukuma, su ɗora nasu a kai, shi ya sa mutane suka tsane su. Duk wanda ya taɓa tsayawa da kaya a shingen hanya yana roƙo a rage masa ya san irin kallon da ake yi wa Zakka. Yana da dukiya, amma gajere ne. Ran da Yesu zai ratsa garin, taro ya tare masa gani, sai ya ruga gaba ya hau itacen ɓaure, babban mutum da shi. Yesu ya iso gindin itacen, ya ɗaga kai, ya kira shi da sunansa, ya ce ya yi maza ya sauko, a gidansa zai sauka yau. Jama'a suka hau gunaguni, wai ya shiga gidan mai zunubi. Zakka kuwa ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan.

Mu fara da shari'a. Koyarwar Kirista ita ce mutum sau ɗaya zai mutu, bayan nan sai shari'a, haka yake a Ibraniyawa 9:27. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna maganar ranar hisabi, kalmar ba baƙuwa ba ce a unguwa. Inda koyarwar Kirista ta bambanta shi ne, Yesu Almasihu ne zai zauna a kujerar alƙali. A Matiyu 25:31-46 an kwatanta shi da makiyayi mai ware tumaki dama, awaki hagu. Ku karanta a gida, ku ƙirga mutanen da aka ambata, shida ne: mai yunwa, mai ƙishirwa, baƙo, huntu, marar lafiya, da na kurkuku. Ba a tambayi kowa yawan waƙoƙin sujada da ya haddace ba.

Tuba ce za mu daɗe a kanta, don nan ne muka fi yaudarar kanmu. A wani ajin da na koyar, muna gama karanta labarin Zakka sai wata tsohuwa mai awon dawa a kasuwa ta yi shiru, ta daina bin layi da yatsa. Da aka tashi ta tsaya ta jira kowa ya fita.

Ta ce, “Malam, kwano biyu gare ni. Na saye dabam, na sayarwa dabam. Na sayarwar an ɗan buga masa gindi da dutse ya shiga ciki.”

Na ce, “Tun yaushe, Inna?”

“Tun kafin a haife ka, ɗana. In na jefar da shi yau, bai isa ba?”

Ban ba ta amsa nan take ba, don tambayar ta fi ƙarfin allo da alli. Jefar da kwanon shi ne farko, babu tuba sai da shi. Wanda yake kuka a coci ranar Lahadi, Litinin ya koma ga kwanonsa mai buguggen gindi, nadama ya yi, bai juyo ba. Amma Zakka bai tsaya a dainawa ba, ya waiwayi waɗanda ya cuta. Ninki huɗun ma ba daga kansa ya ƙago ba, a Fitowa 22:1 wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar, huɗu zai biya. Inna ba za ta iya nemo dukan wanda ta auna wa cikin shekaru arba'in ba, wasu sun mutu, wasu sun koma Marwa ko Chadi. Sai muka zauna ta lissafo waɗanda har yanzu suke saye a wurinta, ta ce za ta riƙa cika musu kwano har ya yi tozo, ta kuma gaya musu dalili. Gaya musu ɗin ne ya fi yi mata nauyi.

Ku ɗauki allo. In Zakka ya cuci mutum sefa 250, nawa zai mayar? Rubuta 250 sau 4. Amsa 1,000, wato jaka ɗaya. Yanzu ku yi na 500, da na 1,500.

Kada dai wani ya fita daga nan yana tsammani da kuɗi Zakka ya sayi ceto. Ku sa yatsa a aya ta 5, inda Yesu ya kira shi. Ku gangara zuwa aya ta 8, inda Zakka ya yi alkawari. Wace ta riga? Yesu ya riga ya ce zai shiga gidan tun Zakka yana bisa itace, bai mayar wa kowa ko dala ba. Abin da Afisawa 2:8-9 ke koyarwa ke nan, ceto ta wurin alherin Allah yake, ta hanyar bangaskiya, kyauta ce, don kada kowa ya yi fahariya. A kan wannan magana Martin Luther, malamin da ya jagoranci gyaran coci, ya tsaya a Jamus tun 1517, ita ce kuma 'yan mishan na Norwe suka zo da ita Ngaundare a 1925. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, a Luka 23:39-43, hannuwansa a kafe suke, ba shi da halin mayar da kome. Ya amsa laifinsa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Aikin gida. Ku kwafe Luka 19:10 a littafinku sau biyu, ku ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai ɓ, ɗ ko ƙ. Sa'an nan kowa ya rubuta jimla ɗaya da ta fara da “Zan mayar”. Wannan jimlar ba zan duba ta ba, kada kuma ku ba yaro ya rubuta muku. Ranar Alhamis bayan la'asar kowa ya zo da fensirinsa a feƙe.