Yadda Ake Gano Kakan Kakanni a Tsohuwar Ingila

Coci-cocin Ingila ba su fara rajistar baftisma, aure da jana'iza ba sai 1538, saboda haka mai neman kakan da ya rayu kafin nan dole ya koma ga takardun gari da na kotu. A fara tabbatar da garinsu, domin rubutun sunan iyali yakan sauya daga magatakarda zuwa magatakarda. Idan ɗan birni ne, a duba rajistar waɗanda aka bai wa 'yancin yin sana'a, irin ta York wadda ta faro daga 1272. Jerin masu biyan harajin kai na 1377, 1379 da 1381 yana taskar tarihin ƙasa da ke Kew, a Landan. Amma takardun kotun ubangidan ƙasa, wato mai filayen da manoman yankin ke nomawa, sun fi amfani, domin a cikinsu ake rubuta, da Latinanci, wanda ya gaji gona da dangantakarsa da mamacin.