Yadda ake zuwa asibiti kan ciwon sanyi na mata a samu magani mai aiki

Ba kowane ruwa da ke fita daga gaban mace ne cuta ba. Abin lura shi ne canji: launi, wari, ƙaiƙayi, zafin fitsari, ko jin zafi lokacin saduwa.

Kwana 2 kafin ki je asibiti, ki daina wanke can ciki da sabulu, kada ki cusa wani magani, ki dakata da saduwa. Ki wanke waje kawai da ruwa. Wankin ciki yana kwashe ƙwayoyin da za a gwada, sai sakamako ya fito babu komai alhali cutar na nan. In kin riga kin sha magani, tafi da kwalinsa.

A gaban likita ki ajiye kunya. Faɗi ranar da kika ga al'ada ta ƙarshe, ko kina da ciki, da kamannin ruwan. Fari mai kauri guda-guda da ƙaiƙayi yawanci kandida ne, wato cutar da wani nau'in yis ke kawowa. Mai ruwa-ruwa, toka-toka, mai ƙarni kamar kifi, ƙwayoyin gaban ne suka rikice. Mai kumfa, rawaya zuwa kore, trikomonas ne galibi, kuma ta saduwa ake ɗaukarsa. Klamidiya, wata cutar da ake ɗauka ta saduwa, ita ce mai wuyar sha'ani, domin mata da yawa ba sa jin komai har ta hau sama ta toshe bututun ƙwai. Shi ya sa duba da ido bai isa ba. A ɗebi ruwan da tsinken auduga, a ɗebi jini don gwajin tunjere da ƙanjamau.

Magani ya danganta da abin da aka gano. Metronidazole, maganin trikomonas da rikicewar ƙwayoyin gaba, akan sha sau 2 a rana har kwana 7. Doxycycline, maganin klamidiya, ma haka, miligiram 100, amma mai ciki ba ta shansa, akan ba ta azithromycin. Gonoriya, wadda ita ma ta saduwa ake ɗaukarta, maganinta allurar ceftriaxone ce sau ɗaya. Inda aka fi yin kuskure shi ne a daina sha da zarar ƙaiƙayi ya lafa.

In cutar ta saduwa ce, dole a yi wa maigida magani lokaci guda, ko da ya ce lafiyarsa lau, in ba haka ba zai maido miki da ita. A haƙura da saduwa sai kwana 7 bayan kowa ya fara magani kuma ya ƙarasa nasa, sannan a sake gwaji bayan wata 3.

Ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi kuwa, ko zubar jini bayan ɓatan wata, ba a jira ranar da aka ba ki. Ki koma asibiti a ranar.