Kurakuran da muke yi wajen haɗa ƙaramin layin dogo a gida, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya taso a Gusau ko Ƙauran Namoda ya san tashar jirgin ƙasa ko da bai taɓa shiga jirgin ba, saboda layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau a Ƙaura ya tuƙe, kuma tun 1929 ya iso can. Ni dai labarin taragon gyaɗa da auduga da kawuna yake ba mu muna yara shi ne ya ja ni na fara haɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur a zauren gidanmu, irin wanda jirgin ke tafiya da lantarki. Mu huɗu ne a unguwa muke wannan harka, bayan isha'i a ɗora shayi, ana ɗaure waya ana hirar tsadar taki da kuɗin makarantar yara da wanda zai aurar da 'yarsa bayan sallah. Kuma kusan duk kuskuren da zan faɗa ɗayanmu ya yi shi, mafi yawa ma ni ne.

Na farko tun wajen saye ake yinsa. Mutum ya ga kan jirgi mai kyau a intanet ko wajen 'yan gwanjo sai ya biya bai duba ma'auninsa ba. Su waɗannan jirage aji aji ne. Akwai HO wanda aka rage girman jirgin gaske sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5, akwai N da aka rage sau 160 layinsa milimita 9, akwai kuma OO na 'yan Ingila da aka rage sau 76 amma shi ma kan layin milimita 16.5 yake hawa. Toh a nan ake ruɗewa, OO da HO za su hau layi ɗaya su tafi lafiya amma in ka jera su sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya ƙiba kamar ba 'yan gida ɗaya ba. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne na kamfanin Märklin na Jamus, yawancin HO ɗinsu wutar AC, wato mai kai da komo irin ta soket, suke sha ta wasu 'yan ƙusoshi da ke tsakiyar layi, in ka ɗora shi a layi mai ƙarfe biyu na wutar DC, wato mai bin hanya ɗaya irin ta batir, ba zai tafi ba, haɗa wutar ma zai yi. Ka zaɓi ma'auni ɗaya da tsarin wuta ɗaya, ka rubuta a takarda ka manna a bango, duk abin da bai dace da takardar ba ka bar shi ko da kyauta ne. Ka duba maƙalar tarago ma, ta Amurka daban ta Turai daban, ba sa kama juna.

Sai tebur. Wallahi nan ne aka fi yin asara don ba wanda yake son kashe kuɗi a abin da ba a gani. Na farkona siririn filawud na shimfiɗa a kan buloluka huɗu, kafin damina ta ƙare tsakiyarsa ya lotsa kamar tsohuwar katifa, jirgi in ya zo wajen sai ya zura da gudu ya kasa fita ta ɗaya gefen. Filawud mai kauri ake so, milimita 12 ko sama, da katakon tokari a ƙasa duk bayan kamar santimita 40. Ka shafe shi da fenti sama da ƙasa har gefuna kafin ka ɗora komai, kuma kar ƙafar tebur ta taɓa ƙasa kai tsaye ko ta jingina da bangon laka, gara ba ta sallama. Ɗayanmu ya sa ƙafafun nasa cikin gwangwanayen tumatir da ɗan baƙin mai, har yau gara ba ta hau ba.

Cikakken falle ƙafa 4 ne a faɗi ƙafa 8 a tsawo, mutane suna manna shi da bango sannan su gano hannu ba ya kai wa can baya. Hannun mutum bai wuce santimita 60 zuwa 70 yake kaiwa ba tare da ya danne wani abu da ciki ba, kuma kullum a can lungun da ba ka kaiwa jirgi zai faɗi. Ko ka bar hanya ta kowane gefe ko ka yi teburin siriri ya bi bango.

Abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba shi ne yanayinmu. Ni a watan Agusta na shimfiɗa layina, katako ya sha danshi ya kumbura, na matse mahaɗin ƙarafan tsam babu ko ƙofar allura ina jin daɗi wai na iya aiki. Hunturu ya zo katako ya bushe ya tsuke, bazara ta biyo baya zafin kwanon rufi ya sa ƙarfen ya ɗan miƙe, wata rana da yamma na buɗe zaure na tarar layi ya karkace ya yi doro a wuri biyu kamar maciji ya ratsa yashi. Ma'aikatan reluwe na da sun san wannan, shi ya sa suke barin tsaga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wanda ya taɓa hawa tsohon jirgi ya san ƙarar nan ta ƙaƙas ƙaƙas, tsagar ce taya ke tsallakawa. Kai ma ka bar tsaga mai kaurin katin waya a mahaɗi duk bayan mita ɗaya ko biyu a inda layi ya miƙe. In ya riga ya yi doro ba sai ka tumɓuke duka ba, ka yanke ɗan ƙanƙanin ƙarfe a wajen da siririn zarto, ka goge bakin, ya koma ya kwanta.

Kwana mai tsanani da hawa mai tsayi su ma suna kayar da jirgi. A HO ƙaramar kwanar da aka saba sayarwa inci 18 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi, gajerun taragu za su bi, amma dogon taragon fasinja ko kan jirgi mai tayoyi da yawa inci 22 yake so ko fiye. Kuma da'irar inci 22 faɗinta inci 44, ka ga a fallen inci 48 saura inci bibbiyu kawai a gefe, sai ka kafa ɗan shinge kar jirgi ya faɗo siminti. Hawa kuma kar ya wuce santimita 2 a kowace mita ɗaya. Ni na so jirgina ya hau gada ya tsallake ɗaya layin cikin mita ɗaya da rabi, tayoyi suka riƙa juyawa a wuri ɗaya kamar motar da ta kafe a laka. In taragu suna yawan sauka a kwana ka auna nauyinsu, ƙa'idar da masu wannan harka a Amurka suke bi ita ce taragon HO mai tsawon inci 6 ya kai kamar giram 113, in bai kai ba ka manna masa noti ko ɗan faifan ƙarfe a ciki can ƙasa a tsakiya.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ta fi cin kuɗi in an yi ganganci. Wutarmu bolt 230 ce, taransifomar da ta zo da saiti daga Amurka ta 120 ce, kana sokawa a soket sai wari da hayaƙi, shikenan. Ka karanta bayanta tukun. Wutar janareta mai hawa da sauka ita ma ba ta da amana, in ba ka da sitabilaiza ka bari ta daidaita. Da yawa suna cewa ai jirgin bolt 12 yake sha bari in haɗa da batirin sola ko na mota kai tsaye, eh zai tafi, amma ranar da jirgi ya sauka ya haɗa ƙarafan biyu, ko yaro ya ajiye cokali a kan layi, batirin zai turo wutar da za ta narkar da waya ta kama katako. Dole ka sa fis ƙarami kusa da batirin, ko ka ratsa ƙwan sigina na mota mai wat 21 a kan waya ɗaya, in wuta ta haɗu ƙwan ne zai kama ya shanye ta, kai ma ka gane da matsala. Wanda kuma ya koma tsarin DCC mai sarrafa kowane jirgi daban, kar ya bar tsohon kan jirgin DC a tsaye a kan layin, zai ta ƙugi har motarsa, wato ɗan injin lantarkin da ke juya tayoyinsa, ta ƙone.

Akwai kuma wanda zai jona waya biyu a wuri ɗaya tal ya ce wuta ta zagaye layin mita goma ta cikin mahaɗai. Da farko za ta yi, bayan wata biyu mahaɗan sun saki sun yi datti sai ka ga jirgi yana gudu a kusa da kai yana rarrafe a can nesa. Ka ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, duk bayan mita ɗaya ka fito da 'yan sirara ka liƙa su da dalma a gefen ƙarfen ta waje. In ba ka iya dalma ba ka kai wa mai gyaran rediyo ya nuna maka sau ɗaya, amma ka yi sauri da ƙarfen zafin don 'yan katakan da ƙarafan layin ke zaune a kai roba ne suna narkewa. Sannan in ka yi layin da ya zagaya ya dawo ya shiga kansa ta yadda jirgi zai juyo da fuska, ƙarfen dama ya haɗu da na hagu kenan, wuta za ta haɗu, sai an yanke ƙarafan biyu a farko da ƙarshen zagayen an ba shi makunni nasa mai juya wutar.

Ƙura kuwa, mu da muke Zamfara ba sai an mana bayani ba. Kwana biyu na hazo ya isa jirgi ya fara tsayawa yana tafiya yana tsayawa. Kuskuren shi ne a ɗauko samfefa a goge layi, zai yi ƙyalli yau amma ka yi masa ƙananan zane da datti zai riƙa zama ciki, gobe ya fi na jiya. Farin tsumma da ɗan sifirit na kemis ya isa, ka goge saman ƙarfe da tayoyin kan jirgi, kar ya taɓa fenti. Ka rufe tebur da leda ko tsohon zanin gado duk dare. Mai ma haka, na ga wanda ya ɗiga baƙin mai, na ga wanda ya sa man gyaɗa wai ai shi ma mai ne, ya daskare ya kama ƙura giya ta cije. Mai marar kauri wanda ba ya cin roba ake sawa, ɗigo ɗaya a bakin allura, in kana ganinsa da ido ya yi yawa.

Wajen ado nan ne kowa ke rawar jiki, kuma nan ne na fi jin haushin kaina. Na kwaikwayi hotunan katafaren layin nan na Miniatur Wunderland da ke Hambog a Jamus, na yi dutse mai ƙanƙara da rami a ƙarƙashinsa, kawuna ya shigo da sandarsa ya daɗe yana kallo ya ce, “Ɗana, wanga wane gari na? Ni dai jirgin da na sani ba ya shiga rami.” Na ce, “Kawu, ƙasar Turawa ce.” Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya fita. Bayan sati uku jirgi ya shiga ramin bai fito ba, na leƙa da tocila ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a kan layi, ni kuma ban bar ƙofa ta baya ba, sai da na fasa dutsen. Da na tashi sakewa Dutsen Kwatarkwashi na kwaikwaya, na sa kuka da rumbuna da dalar buhunan gyaɗa kusa da tasha. A nan ma sai da awo, a HO mutum santimita 2 ne tsawonsa, ƙofar ɗaki kamar milimita 23, kukar mita 15 kuma santimita 17. In ka yi da ido kawai za ka samu akuya ta fi tarago tsayi. Mai son ya bi gaskiya sosai ya sani tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne faɗinsa, milimita 1067, ba irin na Abuja zuwa Kaduna mai 1435 da aka buɗe a 2016 ba, don haka a HO layin milimita 12 ne ya dace da shi, sai dai samunsa wuya, ni kaina na haƙura da 16.5.

Farin kumfan da ake sako firji da talabijin a ciki yana da kyau wajen yin dutse, amma fentin feshi da tina da sufa gulu suna cinye shi nan take, farin gam na kafinta da fentin ruwa za ka yi amfani da su. Tsakuwar layi kuma yashin gulbi ya isa in ka wanke ka shanya ka tankaɗe da rariya, amma ka bi shi da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, za ka sha mamakin baƙin garin da zai kama, in ka bar shi motar jirgi ce za ta zuƙe shi. Ka baza shi da buroshi, ka fesa ruwa mai ɗigon sabulu, sannan ka ɗiga gam da aka sirka rabi da rabi da ruwa ta sirinji. Kar gam ya kusanci macanjin layi, wato inda jirgi ke sauya layi, wanda ya manne nasa ya san kwana nawa ya yi yana jiƙawa da ruwan ɗumi.

Duk wannan ado kar ka fara shi sai jirgi ya yi sati biyu yana zagayawa gaba da baya da dukkan taragunka bai sauka ba. Rariyar da na tankaɗe yashi da ita ta uwargida ce, ta neme ta ranar da za ta yi tuwon masara ta same ta a zaure, ta ce, “Malam, yanzu jirgin naka har tuwo yake ci?” Ranar Juma'a na sayo mata sabuwa a kasuwa, tsohuwar tana rataye a ƙusa kusa da tocila.