Yadda Za Ka Rage Cikas ga Radar Motarka

Da yawa daga motocin Toyota da Honda na baya-bayan nan da ke yawo a Gombe suna da rada a gaba, wasu har da guda biyu a kusurwoyin bambar baya. Ita ce ke hango motar da ke gabanka, ta yi ƙara ko ta taka birki kafin ka ankara. Igiyar rediyo take harbawa, yawanci mai gigahaz 77 (ma'aunin saurin kaɗawar igiya ke nan), sai ta saurari abin da ya dawo. Tsawon igiyar bai kai milimita 4 ba, shi ya sa ɗan abu kaɗan a fuskarta yake rikita ta. A nan wajenmu kuwa, yawancin cikas ɗin mu ke jawo shi da hannunmu.

Da farko ka gano inda take. A Toyota da yawa tana bayan tambarin gaba, za ka gan shi sumul kamar gilashi.

Na biyu, ka goge wurin da tsumma mai laushi da ruwa. Busasshiyar ƙurar hunturu da sauƙi. Jiƙaƙƙen taɓon damina shi ne matsala, domin ruwa na shanye igiyar.

Na uku, ka cire duk abin da ya tare ta: sitika, lambar mota da aka ɗaura ba a muhallinta ba, da ƙarfen nan da ake girkawa a gaba don kariya. Ƙarfe mayar da igiyar yake yi. Idan tambarin ya fashe, kada ka sayi na ado mai arha, nemi wanda aka ƙera don rada.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Bara wani mai Keke Napep ya goge mini bamba a Tumfure. Fanel bita ya cike wurin da bodi fila, ya fesa fenti mai ƙyalli har sau biyu, aiki ya yi kyau a ido. Ina hanyar Kaltungo, titi fayau, sai mota ta kama ƙara kamar akwai wani abu a gabana. Ashe kaurin fentin ya dushe igiyar radar da ke bayan bambar, ƙarfen da ke riƙe da radar kuma ya ɗan lanƙwashe. Karkatar digiri ɗaya tak, a nisan mita 100 ta zama kuskuren kusan mita biyu, wato radar na iya kallon layin wani. Don haka ka ce wa mai gyara, "Maigida, don Allah kada fila ta taɓa nan." Bayan kowane karo, ko an cire bamba, a kai ta wurin mai kwamfuta ya sake saita ta.

Na biyar, a duba wayoyi. Fitilu masu arha da rewaya ya jona barkatai, sakakkiyar wayar as (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota), ko batir mai rauni, duk suna iya sa ta kawo gargaɗin ƙarya.

Saura radar wasu motocin. Idan biyu suka fuskanci juna, igiyar ɗaya na shiga kunnen ɗaya, sai ta kasa ganin ƙaramin abu kamar babur. Masu ƙera ta suna magance wannan da sauya lokaci da zangon harbawa, da zubar da ɓangaren saƙon da ya gurɓace. Naka shi ne ka tambaya ko akwai sabuwar manhaja a saka mata. Muddin fitilar gargaɗin matsalar rada na kunne, ka ƙara tazara tsakaninka da na gaba, ƙafarka kuma na kusa da birki har a duba ta.