Yadda za ka tabbatar farin cikon haƙori ya yi tauri har ƙasa

A shekarata ta biyu da fara aiki wata mata ta dawo mini da haƙorin turmi da na cike mata wata 5 kafin nan. Da ta kurɓi ruwan sanyi sai ta dafe kunci. Saman cikon lafiya lau, tsinin ƙarfe ma zamewa yake a kansa. Da na fasa na kai ƙasa sai na tarar da abu mai laushi kamar kakin zuma. Laifina ne. Na danna kwamfosit, wato abin da ake farin ciko da shi, mai kaurin kusan milimita 5 a tashi ɗaya, na haska shi da fitilar daskarwa sakan 20, na taɓa sama na ji tauri, na sallame ta.

Tun daga ranar na daina yarda da saman ciko.

Kwamfosit haɗi ne na danƙo, galibi Bis-GMA ɗin da Rafael Bowen ya samar a farkon shekarun 1960, da garin gilashi ko silika. A ciki akwai wani sinadari rawaya, kamfokwinon, wanda ba ya fara aikin daskarar da danƙon sai shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 470 ya same shi. Matsalar ita ce haske raguwa yake yi yana shiga: garin gilashin na warwatsa shi, launin cikon na shanye shi. Sama ya ƙoshi, ƙasa na jin yunwa. A ɗakin gwaji ana auna taurin sama da na ƙasa da ma'aunin Vickers ko na Knoop, kuma ana so na ƙasa ya kai aƙalla kashi 80 cikin 100 na na sama.

To, ka fara da kauri. Kwamfosit na yau da kullum kada ya wuce milimita 2 a kowane zubi. Ka sa, ka haska, ka ƙara. Akwai nau'in da aka yi don cika rami a zubi ɗaya har milimita 4, amma shi ma ka auna ramin da tsinin awo. Ido yana ƙarya, musamman a ramin da ke tsakanin haƙora biyu, inda ƙasan kan yi nisa da bakin fitila fiye da yadda kake zato.

Sai lissafin haske, wanda bai wuce ninkawa ba. Ƙarfin fitila sau sakan. Fitila mai miliwat 1000 a kowane murabba'in santimita, in ta yi sakan 20, ta ba da jul 20 (ma'aunin makamashi) a kowane murabba'in santimita. Zubin milimita 2 yakan so jul 16 ko kusa da haka, don haka fitila mai miliwat 400 sai ta yi sakan 40. Launi mai duhu ko wanda haske ba ya ratsawa sosai, ka ƙara masa lokaci bisa abin da takardar kamfani ta ce. Ni dai ban cika amincewa da fitilun da ke alkawarin gama aiki a sakan 3 ba, domin in hannu ya ɗan goce rabin lokacin ya tafi. Kada kuma ka zarce a rami mai zurfi, zafi na iya taɓa jijiya. Ka huta tsakani ko a hura iska.

Inda aka fi yin sakaci shi ne riƙon fitila. Mutum ya danna maɓalli, ya kau da kai don kare idonsa, bakin fitilar ya zame ya koma haska dasashi. Ka sa tabarau ko garkuwa mai ruwan lemo ka kalli abin da kake yi. Bakin ya zauna daf da cikon, a miƙe ba a karkace ba, ka tokare da yatsa. In ka cire zoben ƙarfen da ka ɗaura wa haƙorin, ka sake haskawa ta ɓangaren kunci da ta ɓangaren harshe. Ka riƙa duba bakin fitilar kuma, busasshen danƙo ɗan kaɗan ya isa ya tare haske.

Wasu launuka masu fari sosai ana sa musu sinadarin TPO, mai aiki irin na kamfokwinon, wanda ya fi son haske mai ruwan shanshanbale, ƙasa da nanomita 420. Fitilar da shuɗi kaɗai take bayarwa ba za ta gamsar da shi ba. Simintin wucin gadi mai yujinol, sinadarin man kanumfari, ma yana hana daskarewa, kada a bar shi a ƙarƙashi. Ɗan danƙon da ke saura a sama kuwa aikin iskar oksijin ne, gogewa na cire shi.

Ga gwajin da nake yi duk lokacin da sabon kwamfosit ko sabuwar fitila ta zo, kwaikwayon na ƙa'idar gwaji ta duniya, ISO 4049. Ka samu ƙarfe mai rami, faɗi milimita 4, zurfi 6 ko fiye. Ka cika shi, ka haska ta sama daidai yadda kake yi a baki, ka turo cikon waje, ka kankare mai laushin ƙasa da abin roba. Ka auna tsawon abin da ya rage, ka raba biyu. Wannan shi ne kaurin da fitilarka za ta iya da wannan launin. Ni nakan rubuta adadin a jikin bututun da alƙalami, tare da sakan ɗin da na yi.