Kafin ka sayi sabuwar kwamfuta don injin wasan ces

Ɗan'uwa, kada ka yi saurin sayen kwamfuta mai firosesa biyu saboda Stockfish, injin da ke buga wasan ces (chess) a kwamfuta. Leƙa saitin Threads ɗinsa tukuna, wato adadin ƙwayoyin firosesa da yake aiki da su.

A kan 1 yake zuwa, Hash kuma, wato ma'adanar da yake ajiye abin da ya riga ya bincika, 16 MB kacal.
Na yi wata guda ina zagin na'urata, ashe ƙwayar firosesa ɗaya ce ke ta fama, bakwai na sharar barci.

Ɗaga Threads, amma ka bar ƙwaya ɗaya don kada kwamfutar ta sanƙare. Hash ma ƙara shi.

In sayen ya zama dole, nemi firosesa mai AVX2, wata fasahar hanzarta lissafi. Tun 2020 Stockfish ke aiki da NNUE, wata fasahar AI da ke auna yanayin wasa, AVX2 kuwa na ƙara masa gudu.
Ninka ƙwayoyi ba ya ninka ƙarfin wasa, don sukan maimaita binciken juna.

In Leela, wata manhajar ces ta daban, kake amfani da ita, wannan dabara ba za ta fisshe ka ba. Katin GPU, wato katin sarrafa hoto, mai ƙarfi take so.