Kurakuran da ke hana masu SIDA komawa kan magani a Tawa

Babban kuskuren ma'aikatan asibiti shi ne yi wa mai SIDA faɗa. Mutum ya yi wata takwas bai zo karɓar magani ba, ya daure ya shigo asibiti da kunya, sai a tarbe shi a gaban jama'a da "Ina ka shige? Ka ga abin da ka jawo wa kanka?" Wannan da wuya ka sake ganinsa. A ce masa "Sannu da zuwa, Malam," a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, sannan a tambayi abin da ya faru.

In ka tambaya, sau da yawa ba taurin kai ba ne. A ƙasar Adar, da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar bida: Abijan, Libiya, Aljeriya, Nijeriya. Maganin wata guda ya ƙare a hanya, a can kuma ba su san ƙofar da za su buga ba. Gyaran tun kafin tafiya ne. A tambayi mai tafiya yaushe zai tashi, a ba shi na wata 3 zuwa 6 in yanayinsa ya yarda, da takarda mai sunan maganin da yake sha. Wata kuma kuɗin kabu-kabu daga ƙauye ne ya gagare ta, ko ba ta son mijinta ko kishiya su ga kwalbar. Maganin kyauta ne, amma hanya ba kyauta ba ce.

Wajen neman wanda ya daina zuwa ma ana ɓata aiki. Zuwa ƙofar gida da farar riga, ko faɗa wa wanda ya ɗauki waya cewa daga asibiti ake kira, tona asiri ne. Tun ranar farko a yi shawara da shi kan lambar da za a kira, kuma wani mai ɗauke da cutar kamarsa ya fi iya lallashi.

Wani kuskuren shi ne miƙa ƙwayoyi ba tare da dubawa ba. Wanda ya daɗe babu magani, a bincika tarin fuka, a yi gwajin CD4, wato awon ƙarfin garkuwar jiki. Ƙasa da 200 na nufin cutar ta yi nisa. Mai ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya likita ya fara gani. In babu irin wannan, a mayar da shi kan magani ranar nan, a sa masa ranar gwajin yawan ƙwayar cuta a jini.